Maganin Mijina Nake Aika wa Ummata, Yanzu Shi Ake Zargi

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

A unguwar Sparkhill muke zaune da maigidana, a nan ƙasar Turawa. Tun da ya ji ciwo a baya wajen aikin ɗaukar kaya, pain clinic, wato asibitin masu ciwo mai naci, suka ɗora shi kan wani magani mai ƙarfi. Ni ke jera masa ƙwayoyin a ɗan akwatin nan na mako, shi dai ya buɗe ya haɗiye, ko kallo ba ya yi. To Ummata tana Kumasi, ciwon gwiwa ya zaunar da ita, in na kira sai in ji tana nishi tana cewa lafiya ƙalau. Kun dai san halinmu, wa ya taɓa hana nasa magani? Da ƙanwata da ke Manchester za ta je gida, na kwashe na maigida na ba ta, na zuba masa farasitamol mai kama da shi. Na ce sau ɗaya ne. Umma ta kira tana sa min albarka, wai ta yi sallah a tsaye. Shi kenan, duk mai tafiya sai na ba shi saƙo.

Maigida kuwa, bawan Allah, ya yi ta zufa da juye-juye, na ce mura ce. Ya koma dogara sanda, na ce sanyin garin nan ne. Wace irin mace ce ni?

Ranar da muka koma clinic, nas ta miƙa masa ɗan kofi, wai gwajin fitsari za a yi don a ga ko yana shan maganin yadda aka ce. Sakamako ya fito babu ko ɗigonsa a jikinsa. Likita ta tambaye shi a hankali ko yana ba wani, ko yana sayarwa. Ya miƙe ya ce, "Wallahi kullum sai na sha! Ga matata nan, ask her, da hannunta take ba ni." Ni kuwa na gyaɗa kai. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

A bas ya ce min, "Maman yara, da furfurata za a ce ina sayar da ƙwaya? Ko jikina ne ya daina riƙe magani?" Na juya ina kallon taga.

Sun ce za su sake gwaji ba tare da sanarwa ba, in aka ga haka za su yanke masa maganin. Na so in mayar masa a ɓoye, sai na karanta a takardar cikin kwalin cewa wanda ya daɗe bai sha ba, in ya koma yadda yake sha da, numfashinsa na iya tsayawa. Ga Umma tana tambaya yaushe saƙo zai iso. In na faɗa wa likita, laifi ne babba a ƙasar nan, har ƙanwata na jawo wa. In na faɗa masa, da wane ido zan kalle shi?

Jiya ina shafa masa man zafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ko duk duniya ta ƙaryata ni, ke kin san gaskiya."

Na san ta kuwa. Jama'a, me zan yi?