Taku Goma Sha Bakwai daga Bakin Rijiya

Malama, ki taimake ni da shawara. Yau Alhamis, tarin ya ɗan lafa, gwiwoyi dai sai a hankali. Ki yi haƙuri da rubutun.

Shekara ashirin da shida na yi ina kula da rijiyar burtsatsen da ke ba ƙauyenmu ruwa, kafin ƙarfi ya ƙare. Har yau ban bar abin da aka koya mana ba: nakan cika farar kwalba da ruwan famfo in ajiye a taga, in ga abin da zai kwanta. Marigayiya matata takan ce na fi kallon kwalbar nan a kan fuskarta. Tun da damina ta faɗi, duk ranar da aka yi ruwan sama, washegari ruwan famfo ba ya zuwa garau, har da ɗan wari. Makon jiya jikokin mai shago biyu suka kwanta da gudawa.

Akwai abin da nake zargi. Maƙwabcina kafinta ya haƙa sabon masai a bayan gidansa, ta inda ruwa ke gangarowa wajen rijiyar. Na dogara sanda na auna: taku goma sha bakwai. Mu an ce mana kada ya gaza talatin, kuma takun saurayi, ba na tsoho ba.

To Malama, kafintan nan shi kaɗai ke leƙo ni, 'ya'yana duk suna nesa. Shi ke ɗebo mini ruwan ma, ya zauna bakin gadona mu sha shayi, yana tsokanata da Injiniya. Ranar Litinin na ɗan taɓo masa zancen, sai ya ajiye kofi ya ce aiki na jiransa. In na kai wa kwamitin ruwa, na kunyata shi, wataƙila na rasa shi ke nan. In na yi shiru, yara na sha.

Ya aiko cewa zai zo yau bayan la'asar. Na dafa shayi, har ya huce. Bai zo ba.

Tsohon mai famfo

AMSA

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Shiru ba zai yiwu ba, kai ma ka sani, shi ya sa ka fita awo da ciwon gwiwa. Sai dai kwalba da sanda ba su isa hujja ba. Wataƙila ramin masai ne, wataƙila simintin bakin rijiyar ne ya tsage, ruwan sama na kutsawa. Kafinta kuwa bai haƙa don ya cuci kowa ba, iyalinsa ma a famfon nan suke sha. Ina jin kunya ce ta riƙe shi, ba ƙiyayya ba.

Yau ɗin nan ka aika a gaya wa mutane su riƙa tafasa ruwan sha, masu gudawa a kai su asibiti. Gobe ka nemi kwamiti su kira masu gwajin ruwa. Amma kafin ka je can, ɗauki kwalbar ka same shi, ya ji daga bakinka, ka roƙe shi ku kai maganar tare. In ya ƙi, ka je kai kaɗai. Yana iya yin fushi na kwana biyu, ka jure.

Ya daɗe yana tako maka, Baba. Wanda ya auna taku goma sha bakwai ba zai kasa kaiwa ƙofar maƙwabcinsa ba. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare yaran nan, ya sa ku sha shayi na gaba ku biyu, da zafinsa.