Ƙyauren Ezra

Keffi,
4 ga Yuni, 2022

Aminina Yosiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Madam Zipora da jikoki. Yaya gwiwar? Tun da ka yi ritaya ka koma Nasarawa, ni da jemagu muke gadin gidan tarihin nan.

Ka tuna ƙyauren nan mai zanen kada, wanda kake shafa wa maganin gara duk farkon damina? To, ya shiga kotu. Malama Filomina, jikar Ezra masassaƙi, ta ce na kakanta ne. Alhaji Ubale na Angwan Iya ya ce Ezra sassaƙawa kawai ya yi, ƙofar kakansa aka yi wa, kuma ajiya suka kawo mana. Babbar hujjar Filomina ita ce kwalin bayanin da na rubuta da hannuna: "Ƙyauren Ezra". Zama uku lauyoyi suka yi a kan "n" ɗin nan, ko na mai yi ne ko na mai shi. Duk karatuna ban san harafi ɗaya zai iya ciyar da lauya biyu ba.

Alƙali ya ce kada kowa ya taɓa ƙyauren sai an yanke hukunci. An zagaye shi da igiya. Ga shi ruwa ya sauka.

Ka gaida mutan gida.
Naka,
Abdulrahman

Keffi,
19 ga Agusta, 2023

Yosiya,

Bayan gaisuwa, ina fatan gona ta yi kyau, gwiwa kuma ta sassauta.

Gara ta hau. Na fara ganin hanyarta daga ƙasa, sirara kamar zare, ta nufi wutsiyar kadan. Sau huɗu na rubuta wa kotu ina neman izinin sa magani. An ɗage, an sake ɗagewa, sai aka yi wa alƙalin canjin wuri. Gara dai ba ta ɗage zamanta ba.

Wata Asabar na tsallake igiyar da burushinka, na yi yadda ka koya mini. Ban gama ko rabi ba na tsorata, na fito. Warin maganin ya tona ni ranar Litinin. Ka yi murna, Yosiya, na haɗa kan lauyoyin nan a karon farko: duka biyun sun yarda na raina kotu. An dakatar da ni wata shida, an sa wa ɗakin kwaɗo.

Ba dakatarwar ce ke cina ba. Rabin da ban shafa ba ne.

Naka,
Abdulrahman

Keffi,
11 ga Mayu, 2025

Ɗan'uwa Yosiya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ka zauna kafin ka karanta.

An yanke hukunci. Ƙyaure na gidan Alhaji Ubale ne, amma a riƙa ambaton Ezra. Abin da ni da kai za mu gaya musu kyauta ke nan a kan benci. Mutanen Alhaji suka zo da a-kori-kura da ƙarti huɗu, aka buɗe kwaɗo. Suna cicciɓa, hannunsu ya nutse ciki. Fatar waje ce kawai ta rage, cikin duk ƙasa. Ya zube a gabanmu kamar busasshen tuwo.

Filomina ta durƙusa ta tsinci ɓallin kan kadan, daga gefen da na shafa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita dama so take jikokinta su ga aikin hannun kakanta. Alhaji ya cire hula ya mayar.

Jiya sammaci ya iso. Gidajen biyu sun haɗu sun yi ƙarar gidan tarihi kan sakaci, sunana ne na biyu a takardar. An hukunta ni don na taɓa, yanzu za a tuhume ni don ban kula ba. Za a kira ka shaida, ka fara lallashin gwiwar.

Kwalin kuwa yana nan garau a bango, ka san da leda na rufe shi. Gara ta cinye ƙyauren ta bar mana "n" ɗin.

Ka gaida Madam.
Naka har kullum,
Abdulrahman