Bargon Gwaggo

Masaƙar Dasuƙi, Mahalla
Ranar Talata

Zuwa ga maiɗakina Nawal, Ummu Atif,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Atif da Wafa, kuma gwiwar nan taki ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, ban da sauro da kewar gida.

Don Allah ki daina kirana a wayar abokin aikina Girgis. Kin san abin da ƙarar injinan saƙa ta yi wa kunnena. Ke kina ihu a can, ni ina ihu a nan, duk masaƙa ta ji sirrinmu ban da ni. Takarda ta fi. Zan riƙa sa ta a ƙarƙashin kwano idan kwandon abinci zai koma ta kan katanga.

Kin ce in fito ko na yini guda in yi wankan kirki in koma. Mai fita ba ya komowa, Nawal. 'Yan sandan da ke ƙofa suna barin kowa ya fita, har da murmushi, amma ko kyanwa ba sa bari ta shigo. Ranar da muka ragu, Medhat ɗan marigayi Alhaji Dasuƙi zai shigo da 'yan gwangwan su farfasa injinan su ɗora a sikeli. Muddin injinan suna nan, akwai masaƙar da za a iya buɗewa. Idan suka fita, sai gini da tantabaru. Abin da ya zaunar da mu a ciki tun da aka rufe ta ke nan.

Medhat yana cewa ba laifinsa ba ne, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Tawul ɗin da ake saukewa kwantena-kwantena daga ƙetare, farashinsa bai kai kuɗin zaren da muke saƙa namu da shi ba. Yadda yake shigowa a haka, sai a tambayi masu buga hatimi. Wanki biyu ya zama tsumma, amma mai aurar da 'ya ba ta wanki yake ba, ta cika akwati yake.

Sun yanke mana wuta. Duk da haka kowace safiya, da mun sha shayi, kowa sai ya nufi layinsa da tsumma da gwangwanin mai. Mu share ƙurar auduga, mu ɗiga mai, mu juya da hannu don kada tsatsa ta samu wurin zama. Ba wanda ya sa mu. Girgis yana cewa, "Ku dube su, ba albashi ba wuta, suna yi wa ƙarfe kwalliya kamar za a kai shi ɗakin miji." Shi mai maganar ya fi kowa goge injinsa.

Gwaggo tana gaishe ki. Tun ina saurayi nake kan injin nan, kuma har yau na kasa raba ta da halinta, wato siririn layin da take bari a gefen hagu na kowane tawul. Ki ce wa Wafa kada ta kuskura ta sayi tawul a kasuwa don kayan ɗakinta. Na yi alkawari daga Gwaggo za su fito, kuma ina kan bakana.

Miyar lalon jiya ta yi, sai dai tafarnuwa ta yi kaɗan. Ki gaida kowa.

Naki,
Shahata

Ranar Asabar

Ummu Atif,

Albishirinki. Amma bari in fara gaishe ki, kada ki ce murna ta sa na manta da tarbiyya. Yaya jikin, yaya yara?

Shekaranjiya Medhat ya zo da wani mutum mai farar riga, wai Injiniya Ra'uf. Daga bakin ƙofa Medhat ya tsaya ya ce, "Iyayena, ku bar bawan Allahn nan ya duba. Idan injinan suna da rai, akwai mai zuba kuɗi. Idan sun mutu, ku daina wahalar da kanku." Baba Mitwalli, wanda ya girme mu duka, ya ce masa, "Ɗana, mu ne dai muka kusa mutuwa. Su kam suna nan garau."

Da janareta suka zo a bayan mota. Nawal, da ma kina wurin. Aka ba da wuta, layi bayan layi suka tashi, ƙasa ta ɗauki rawar nan da na saba ji a tafin ƙafata. Ko ɗaya bai yi gardama ba. Na ga ƙatti masu jikoki suna share ido da tsumman mai. Ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Injiniyan ya shafa yatsa a jikin Gwaggo, ya duba, bai ga ƙura ba. Ya ɗauki hoto ta gaba, ya ɗauka ta baya. Ya tambaya ko ana samun kayan gyaran irin waɗannan tsofaffin injina. Sai Baba Mitwalli ya kalle mu, muka kalle shi, ya ja mutumin zuwa ƙarƙashin matakala. Ya buɗe masa akwatunan kayan gyaran da muka ɓoye tun kafin a rufe masaƙa, waɗanda ko Medhat bai san da su ba, kowanne a naɗe da takarda mai maiƙo. Mutumin ya ce bai taɓa ganin masu riƙon amana irinmu ba. Kanmu ya kumbura.

Da ragowar zaren da ke kan Gwaggo na saƙa wa Wafa tawul masu ruwan goro. Injiniyan ya roƙi ya tafi da su ya nuna wa mai kuɗin, na ba shi, na riƙe guda ɗaya. Ga shi nan a kwando, sauran suna tafe idan an buɗe.

Girgis ne kaɗai ya ɓata rai. Ya ce min, "Abu Atif, mutumin nan ya tambayi shekarun kowane inji, amma bai tambayi sunan ko ɗayanmu ba. Ko mu nawa ne bai tambaya ba." Na ce masa shi ko zuma aka ba shi sai ya nemi ƙuda a ciki.

Ki fara shirin dafa mana agwagwa.

Mijinki,
Shahata

Ranar Juma'a

Nawal,

Ina gaishe ki. Na ga saƙonki cewa Wafa ta ƙi ajiye tawul ɗin a akwati, da shi take kwana. Allah Ya yi mata albarka. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Mai zuba kuɗin gaskiya ne akwai shi, sai dai ba a nan zai zuba ba. Lauyanmu ya zo bakin katanga ya karanta mana komai. Ra'uf dillali ne na wata masaƙa a ƙetaren teku, kuma sun sayi injinan duka, har da akwatunan ƙarƙashin matakala.

Ashe abin da ya tsare mu duk watannin nan shi ne 'yan gwangwan sun yi wa Medhat tayin banza. Kuɗin bai isa ya sallame mu ba, shi ya sa ya rasa yadda zai yi da mu, har ya fara tunanin ya buɗe ko layi biyu. Kowa a gari ya ɗauka injinan da suka daɗe a tsaye sun zama tsatsa. Mu ne muka nuna wa duniya suna da rai. Yanzu ya samu abin da zai biya kowa haƙƙinsa ya rage masa da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun jiya mutane suka fara sulalewa. Ban ga laifin kowa ba. Wanda 'ya'yansa suka gaji da gurasa da gishiri, aka ce ga sallamarsa a ƙofa, me zan ce masa?

Bayan la'asar Girgis ya tara mu da muka rage. Ya ce dabara ɗaya ce: a zuba yashi a cikin kowane inji, a juya. Ciniki ya lalace, Medhat ya dawo teburin magana. Baba Mitwalli ya ce, "Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu ina za mu kai tamu tokar? In mun kashe su, me muke gadi?" Girgis ya ce, "To mu bar su su tafi su yi wa wasu aiki, su kashe sauran masaƙun garin nan?" Duka biyun gaskiya suka faɗa. Gaba kura, baya sayaki.

A ƙarshe aka yarda da yashin. Kowa ya ɗebo a bokitin kashe gobara ya nufi layinsa. Na buɗe murfin Gwaggo, yashi a hannuna. Sai na hango ɗan zaren auduga ya maƙale a haƙorin ƙarfe, na sunkuya na hure shi. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na tarar na zubar da yashin a ƙasa ina goge hannu a riga kafin in taɓa ta.

Na juya ina jin kunya, sai ga Girgis zaune a kan bokitinsa, cike yadda ya ɗebo shi. Ya ce, "Kada ka kalle ni. Hannun ne ya ƙi." Duk masaƙar nan ba a samu mutum ɗaya da ya zuba ba.

Ina jin haushin kaina, kuma ban san abin da zan yi dabam ba ko da an mayar da ni baya. Ki yi mana addu'a.

Shahata

Ranar Laraba

Zuwa ga Ummu Atif, abokiyar zamana,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ji kin zo bakin ƙofa da gwiwar nan kina tambaya me ya hana ni fitowa, alhali kusan kowa ya koma gida. Ki yi haƙuri.

Sun kawo wasu masu kwance ƙarfe daga tashar jiragen ruwa. Na ga ɗayansu ya ɗaga guduma a kan injin Baba Mitwalli, sai na ji kamar a haƙarƙarina. Ni da Girgis muka karɓi aikin. Ba don ladan ba, kin san ni. Idan har za a kwance Gwaggo, wanda ya san inda take jin ciwo ne zai kwance ta. Ran Asabar motoci za su zo, ni ma ranar zan dawo miki gaba ɗaya.

Ki ce wa Wafa ta je kasuwa ta sayi sauran tawul ɗin, na janye maganata. Rana ba ta ƙarya, kuma ba zan bari uwar ɗiya ta ji kunya saboda taurin kaina ba. Wanda ke hannunta ta sa shi a saman akwati inda dangin miji za su fara gani.

Nan da shekara ɗaya ko biyu, idan kina ɗaga tawul ɗin kwantena a kasuwa, ki riƙa duba gefen hagu. In kin ga siririn layi, kada ki yi ciniki da yawa, ki saya ki kawo min.

Abu na ƙarshe. A kwandon gobe ki sako min tsohon bargon nan mai kore da ke ƙasan gado. An ce iskar teku gishiri gare ta, kuma ledar da suka kawo ta naɗe injina ba ta da kauri.

Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
Shahata Abdul-Gawad