Ya Turo Littattafai, Bai Zo Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Direba ya kawo littattafan nan uku na marubucin ƙasar Sin. Na gode, amma fa kai na ce ka zo, ba kwali ba.

Na karance na farko a gefen gadon Baba, tsakanin juya shi da ba shi magani. Kai, mutumin nan akwai buri! Ya gina gari guda ƙarƙashin ƙanƙara a wata duniya, ya tsallake shekara dubu a shafi ɗaya. Sunayen sun rikita ni, kimiyyarsa ta sa min ciwon kai. Ya hallaka mutum miliyan a layi biyu, bai faɗi wanda ya yi jinyar ko ɗaya ba. Amma akwai wata mai kula da injin iska, ba ta isa ta bar ɗakin ba sai wani ya karɓe ta, in ba haka ba gari ya shaƙe. Saboda ita na kasa ajiye littafin.

Makarantar koyon haɗa magunguna za ta rufe rajista ranar ashirin ga wata. Sau biyu suna ɗaga min, sun ce babu na uku. Wata huɗu kawai nake roƙo ka zauna da Baba, kafin Gwaggo ta yi ritaya ta dawo. Shekarata biyu a ɗakin nan, Yaya. Wallahi na gaji.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Autarmu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi ƙwarai da littafin ya kama ki, dama na san ke ce mai ƙwaƙwalwa a gidanmu! Ki bar batun matar injin nan, ƙaramar 'yar wasa ce. Ki jira na uku, inda suke ƙera rana ta biyu, za ki riƙe baki.

Game da zuwa, ana kafa sababbin injuna a masana'anta, manaja ya hana hutu. In sha Allahu ina hanya da zarar an gama. Ki ƙara haƙuri, Allah zai saka miki. Ki gaishe da Baba.

Yayanki

Yaya,

Salamu alaikum. Na gama na uku. Ranar tasu ta yi kyau. Matar injin kuwa marubucin ya manta da ita tun tsakiyar na biyu, na bi shafi-shafi ban sake ganinta ba.

An rufe rajista shekaranjiya, sun ba wata gurbina. Yau da safe ina goge wa Baba baki, ya yi ta fama da harshensa har ya iya cewa, "Ba ki tafi ba?" Na ce masa makarantar ce ta ɗaga zuwa baɗi. Ya yi murmushi, har ya shanye shayinsa.

Duk ranar da ka zo, kai ma haka za ka ce masa.

Ka huta lafiya.
Auta