Jan Akwatin Gawa

Daren Asabar, Whalley Range

Yau na fasa wa Yaya Sani goshi.

Danshin ɗakin nan ne ya sa na kai zane-zanena ajiya gidansa a unguwar Lozells. Aikin digirina ne kaf: tulunan da mutanen Masar na dā suke zuba kayan cikin mamaci, da akwatin gawar wata mata mai idon da ya sha kwalli. Tun bazara nake tsugunne gaban gilashi a gidan tarihi ina yin su da fentin ruwa.

Da la'asar na isa, na ji famfo yana zuba a sama. Ina hawa benen na tarar da Yaya Sani tsaye, zane-zanena jiƙe a baho, launi yana bin rariya.

Ya ce, "Gumakan Fir'auna a gidana? Kin hana mala'iku shigowa, yarana sai ciwo!"

Na ce, "Yaya, ai da ka kira ni na kwashe."

Wai taimakona ya yi.

Ban san lokacin da na rarumi kofin tangaram na ƙwala masa ba. Matarsa sai salati take tana danna masa tawul. Mutumin da ya goya ni fa.

Kuma babu damar sakewa. An rage ma'aikata a gidan tarihin, an rufe sashen Masar, kayan suna sito.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Jininsa ya ɗiga kan jiƙaƙƙiyar takarda ya bazu, ni kuwa na tsaya kallo. Astagfirullah. Jan launin akwatin gawar matar nan ne sak, wanda na yi ta haɗawa ya ƙi fitowa.