Jan Biro a Kan Waƙar Inna

Kaura Namoda.

Kawu Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya iyali da zaman Legas? Da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, gero har ya fara fitar da kai.

Kawu, raina a ɓace yake. Ƙanwata Hadiza ta yi binciken kammala digirinta a kan waƙoƙin daka na kakarmu marigayiya Inna, waɗanda ta ɗauka a waya a garin Dauran, ta rubuta. To malamin da ke duba aikin ya bi su da jan biro. Inda Inna ta ce "Ɗiyata tashi, rana ta hito," ya mayar "'Yata tashi, rana ta fito." Wai kuskure ne. Ni ban taka jami'a ba, amma a karance-karancena ban taɓa ganin inda ake gyara wa mamaci baki ba. Malamin ya ce in ba ta gyara ba, ba zai sa hannu ba, sai ta maimaita shekara.

Baba ya ce ta bi, a wuce wurin. Ita ko ta kafe sai ta ji ta bakinka. Don Allah ka kira ta. Amma ka sani, in ta gyara, wata tsohuwa daban za a ajiye a laburare da sunan mahaifiyarka.

A sa mu a addu'a. A gaida Anti Rabi da yara.

Ɗanka,
Bashar