Da Hannun Maigidana Aka Hana Ni Wa'azi

Anti, ki taimake ni, zuciyata ta yi nauyi har addu'a ta gagare ni.

Tun da fastonmu ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ni nake riƙe da sujadar Lahadi, don duk mazan sun noƙe. Ban taɓa hawa mumbari ba, wallahi. A ƙasa nake tsayawa, gefen bencin gaba, kuma ba ma kiran abin wa'azi, ƙarfafawa muke cewa. Shekaru muna haka. Ni ce asibiti, ni ce gidan makoki.

Da aka turo sabon fasto, ya tara dattawan ikilisiya, ya karanta musu inda Nassi ya hana mace koyar da maza. Aka ce wanda ya yarda a dakatar da ni ya ɗaga hannu. Maigidana dattijo ne a cikinsu, shi ma ya ɗaga. A bakin matar wani na ji, shi kuwa ya dawo ya ci abincinsa kamar ba komai. Yanzu jera kujeru aka ba ni. Ba matsayin ne ke ci mini rai ba, Anti. In haramun ne, ke nan duk shekarun nan zunubi nake tafkawa? Waɗanda suka tuba a hannuna fa?

Taki, Mai Bencin Baya

'Yar'uwata, share hawayenki. Wanda ya tuba, ga Ubangiji ya tuba, ba wanda zai soke wannan da ɗaga hannu.

Ayar tana nan, ba ƙirƙirarta faston ya yi ba. Amma a cikin Littafin nan akwai matan da suka yi annabci, kuma mata ne suka fara kai labarin tashin Almasihu daga matattu. Masana sun daɗe suna ja a kai, ba ni zan raba gardamar ba. Laifin dattawanku ɗaya ne: sun more ki da suka rasa mai yi, suka sallame ki ko na gode babu.

Maigidanki kuwa, ko tsoron Allah ne ya sa shi ko tsoron 'yan'uwansa maza, ya kamata daga bakinsa ki ji. Ki zaunar da shi ki tambaye shi, kada ki bar abin yana cinki.

Ba zan ruɗe ki ba, da wuya su mayar da ke. Amma marasa lafiya ba su san an dakatar da ke ba, suna nan suna duban hanya. Ki je musu. Ubangiji ya sanyaya miki zuciya.